Yadda Fitilar Tasi'u Ta Mayar da Zumata Ruwan Sukari

Wani mutum ne a garinmu, Tasi'u sunansa, ko da yake shi ya fi son a ce masa Walƙiya. Ni ba zan ce ba. Da Tasi'u na san shi tun yana aji huɗu a hannuna, yana zama a bencin baya yana satar cin gyaɗa daga aljihu, kuma da Tasi'u zan ci gaba da kiransa. Ranar Talata, tara ga watan Rajab na bana, ya fara ɓata mini suna. Na faɗi ranar ne don kada gobe wani ya ce tsoho ya rikice.

Wanda bai san shi ba, ga shi. Mai hoto ne, shagonsa na bakin tasha. Idan ya zauna a teburin mai shayi ya buɗe baki, sai shayin kowa ya huce. Ya ce a Legas ya koyi aiki, wajen wani Bature da ya yi ta kuka ranar da za su rabu. Ya ce ya taɓa ɗaukar hoton jirgin sama a tsakiyar gajimare, da aka wanke sai ga direban yana ɓare goro. Ya ce akwai kurar da ya haska a dajin Falgore, ta tsaya ta gyara tsayuwa. Mutane su yi dariya, su ƙara masa burodi. Ni ma a da nakan yi murmushi, don a lokacin ƙaryarsa ba ta taɓa kowa.

Ni kuwa sunana Malam Haladu. Na yi shekara talatin da ɗoriya da alli a hannu. Da na ajiye aiki sai na kafa amya a gonata ta bakin rafi, na koma kiwon ƙudan zuma. Zumata ja ce mai duhu, mai kauri, idan ka ɗaga cokali sai ta yi zare ba ta tsinke ba. Ban taɓa sa mata ko ƙwayar sukari ba. A garin nan kowa zai saya wa mai zuma sai ya tsoma ashana ya gwada, amma ni ba a gwada tawa. A ce ta Malam ce, a ɗauka a tafi. Wannan yardar ita ce dukiyata, ba ni da wata.

'Yata Rabi'atu tana aikin jinya a Kaduna. Ita ta kira ni ta ce, "Baba, matan wurin aikinmu suna son zumarka, amma yanzu ba a sayen abu sai an ga hoto. Wanda ka turo da wayarka kuwa kamar a cikin rijiya aka ɗauka."

Shi ya sa na taka zuwa shagon Tasi'u.

"Malam, ka zo gidan abin," in ji shi. "Amma hoton kayan sayarwa ba hoton ɗaurin aure ba ne. Ɗan hasken da ke jikin kyamara ba ya yi. Sai an sayo fitila ta musamman, wadda ake ɗora wa kyamara a ka. Kai ka saya, ni in yi maka aiki kyauta, fitila ta zauna a wurina."

"Ka san irin wadda za a saya?"

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Malam, ni da haske? A Legas idan aka ɗauke wuta ni ake nema."

Ranar Talatar nan muka shiga motar Kano.

Muka sauka a wani shago cikin Sabon Gari. Mai shagon ya tambaya me za a ɗauka, na ce kwalaben zuma. Ya miƙo wata 'yar madaidaiciya, ya ce wannan kanta yana juyawa, kuma ana rage mata ƙarfi. Ya ce kwalba tana sheƙi, ba ta son a buga mata haske kai tsaye.

Tasi'u ya karɓa. Ya taɓa kan fitilar da yatsa, kan ya langaɓe baya, ƙwas.

"Ka gani ko, Malam? Wuyanta a karye yake."

"Haka aka ƙera ta," in ji mai shago. "Ana ɗaga kan ne a harba hasken a rufin ɗaki, ya dawo kan kayan a hankali."

"Rufin ɗaki muka zo ɗauka ko zuma?" Tasi'u ya juyo wurina. "Malam, kai da ka san addini, ragon da wuyansa ya karye yana layya?"

Na ce ba ya yi, amma wannan ba rago ba ne.

"Duk ciniki ɗaya ne, Malam. A duba wuya, a duba nauyi."

Haka kuwa ya yi. Duk wadda mai shago ya miƙo, sai ya ɗora ta a tafin hannu ya jinjina, kamar mai sayen kaza ranar kasuwa. Wannan ba ta ci ta ƙoshi ba. Wannan ta 'yan koyo ce. Wannan ko kyauta aka ba shi ba zai ɗora wa kyamararsa ba, don abin kunya ne a gan shi da ita. Da mai shago ya gaji, sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani kwali da gizo-gizo ya yi wa gida. Ya fito da wata ƙatuwa kamar bulo. Wuyanta sandararre, ba ya motsi. Ba ta da wurin ragewa, ba ta da wurin ƙarawa. Maɓalli ɗaya gare ta.

"Wannan tun mahaifina yana shagon nan take," in ji shi. "Ta masu ɗaukar filin ƙwallo ce."

Idon Tasi'u ya yi ƙyalli. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya sa aka zuba mata batir, ta fara wani kuka siriri kamar sauro a kunne.

"Mai shago, ɗan dubo nan."

"Ni da iyali," in ji mai shago, ya juya mana ƙeya.

"To Malam, kai ɗan dubo."

Na duba, don ban san abin da zai yi ba. Wal! Duniya ta ɗauke. Na lalubi kanta na riƙe.

"Me kake gani, Malam?"

"Ba na ganin komai."

"Ita ce. A naɗe mana."

Mai shago ya haɗo mana da wata farar hula ta roba, ya ce a riƙa kifa wa fitilar ko hasken zai ɗan yi laushi. Tasi'u ya ce ba zai sayi haske da kuɗin Malam sannan ya rufe shi ba, ya jefa hular a aljihu. Har muka wuce Kwanar Dangora ina ganin wasu korayen ƙwallaye suna yawo a fuskar kwandasta.

Washegari Tasi'u ya zo gidana. Na riga na wanke kwalabe, na goge su har suna ɗaukar ido, na jera su a kan farin ƙyalle cikin zaure. Ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce kafin ya ɗauki hoton abu sai ya san halinsa, ya zaro farar hular nan daga aljihu, ya cika ta da zuma ya ɗaga kai. Ya ce kwalba ta biyu launinta daban, ita ma sai ya san halinta. Sai da ya san halin kowace kwalba.

Sannan ya matso har bakin kyamarar ya kusa taɓa gilashi. Wal. Wal. Wal. Kaji suka watse a tsakar gida. Uwargidana ta fito da gudu za ta kwashe shanya, ta ɗaga kai ta ga rana tsaka ba ko ɗigon hadari. Ni dai na juya wa bango fuska, don na riga na ɗanɗana.

"In gani," na ce da ya gama.

"Sai na gyara, Malam. Ba a nuna wa mai gida tuwo yana tukunya."

Ban ga hoton nan ba sai tare da duk gari. Ba shawara, ba izini, Tasi'u ya zuba shi a zauren Watsaf na 'yan garinmu, inda limamai suke, 'yan kasuwa suke, tsofaffin ɗalibaina na Legas da Fatakwal suke. Ya rubuta a ƙasa: Zumar Malam Haladu, aikin Walƙiya.

Na sa tabarau na duba. Kwalabena ne, na gane marafansu. Amma abin da ke ciki fari ne fat, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Tsakiyar kowace kwalba kuwa wani farin tabo ne, kamar an huda hoton.

Kafin la'asar zaure ya ɗauka. Wani ya ce zuma ce ko koko. Wani ya ce shi dama ya taɓa jin wani ɗan garɗin sukari a ta bara, ya yi shiru ne don girman Malam. Sai wani mai hankali ya tambaya, "Tasi'u, ko dai hasken ne ya yi yawa?"

A nan ne fa. Da yaron nan ya ce e, hasken ne, da magana ta mutu a wurin, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma Tasi'u ya ce ya yi kuskure? Sai ya naɗi murya ya tura. Na saurare ta har na haddace.

"Jama'a, wannan fitilar ba irin wadda kuka sani ba ce. Irinta ake gwada abinci da ita a filin jirgi a ƙasashen waje. Haskenta ratsa kwalba yake. Zumar asali tana shanye haske, ta fito da duhunta. Sukari kuwa ba ya shan haske, tofo shi yake. Malam ubana ne, ni ban ce komai ba. Fitila ce ta faɗa."

Fitila ce ta faɗa. Ku ji fa.

Daga ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da na koya wa rubuta sunansa ya zo sayen zuma da kwalin ashana a hannu. Gwaggo Tabawa, wadda likita ya hana mijinta sukari, ta dawo mini da kwalba rabi, ta ajiye a bakin zaure ta ce, "Malam, mun yarda da kai ne fa," ta juya. Wannan kalmar ta fi mari. Rabi'atu ta kira ta ce hoton ya isa Kaduna, matan sun ce a bari tukuna. In na wuce majalisa sai hira ta tsaya, in na yi nisa ta tashi.

Na je shagon Tasi'u na same shi da layin mata a ƙofa. Ashe sana'a ta buɗe. Wata ta kawo man shanu a gwada mata, wata manja, wata 'yan kunnen da mijinta ya ce zinare ne. Duk abin da ya sa a gaba, wal, ya fito fari, ya girgiza kai ya ce an cuce ki. A mako guda ya haɗa gidaje da yawa faɗa.

"Tasi'u," na ce, "fito."

"Malam, sannu da zuwa. A kawo wa Malam kujera."

"Ban zo zama ba. Ka je zauren Watsaf ɗin nan ka janye maganarka."

"Wace magana, Malam? Ni ban yi magana ba."

"Wa ya naɗi muryar?"

"Bakina ne ya fassara, amma fitila ce ta yi bayani. Kai ka saye ta da hannunka, Malam. Kuma ka ga ƙarfinta da idonka."

"Da idona na gani, har yanzu yana ruwa."

"To ka gani." Ya rage murya, ya matso. "Malam, ko ƙudan ne suke zuwa shagon mai shayi suna shan sukari ba ka sani ba? Ka bincike su."

Na dube shi. A zamanin da nake da bulala, da na san abin yi. Na juya na tafi.

Daga nan gidan Alhaji Barau na nufa. Taubashina ne, tsohon malamin gona, mutumin da tun muna yara bai taɓa barin raina ya huta ba. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"A'a, Sarkin Sukari da kansa. Nawa ne mudu yau?"

"Barau, ban zo wasa ba."

"Na sani. Fuskarka ta nuna. Zauna." Ya cire hularsa ya shafa sanƙonsa, wanda ba a ga gashi a kansa ba tun mulkin soja. Ya miƙo mini wayarsa. "Duba wannan. Ɗaurin auren 'yar Sarkin Fawa, shekaranjiya. Na cire hula ina alwala, ɗan naka ya haska ni."

Na duba. Riga ta fito, gemu ya fito. Kan Alhaji Barau kuwa babu. Wani farin wata ne zaune a kan wuyansa.

"Ka ga ni ma da sukari aka haɗa ni," in ji shi. "Haladu, duk abin da ke sheƙi, fitilar nan fari take mayar da shi. Kai kuma ka zauna ka goge kwalabe kamar za ka kai su gasar tsafta."

"To sai in je in yi wa jama'a bayani."

"Bayani? Kai har yanzu a aji kake. Wa zai saurari bayani bayan ya ji labarin filin jirgi? Ka kai ƙara wurin Mai unguwa, ka ce a yi gwaji a gaban kowa ranar Juma'a. Ka zo da kwalbarka. Ni ma zan zo da tawa."

"Kai yaushe ka fara ajiye zuma?"

"Surukina ne ya aiko mini daga Mambila. Kai dai ka zo."

Mai unguwa Jibo ya karɓi ƙara. Aka sanar. Da aka sauko daga masallaci zaurensa ya cika har waje, wasu suna leƙe ta taga. Gwaggo Tabawa tana daga bakin ƙofa da mayafinta. Matan da aka ce an cuce su a man shanu da manja su ma sun zo jin yadda za ta kaya.

Tasi'u ya iso a makare, da gangan. Ya sa wata riga mai aljihu kamar goma sha, ga baƙin tabarau, ga kyamara a wuya da ƙatuwar fitilar a kanta, tana rinjayarsa gaba kamar mai ɗauke da tulu a ƙirji.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Mai unguwa, "ni ban so aka kai ga haka ba. Malam ubana ne. Amma aikinmu amana ne."

"Yi aikinka," in ji Mai unguwa.

Na ajiye kwalbata a kan tabarma, wankakkiya, gogaggiya, don ban iya kawo abu da datti gaban mutane ba. Alhaji Barau ya zaro tasa daga aljihun babbar riga. Wata tsohuwar roba ce da ta ga duniya, duk ta dushe, ta yi kaushi kamar bayan ƙwarya. Abin da ke ciki baƙi-baƙi ne, mai kauri.

"Masu ciki su ja baya," in ji Tasi'u. "Masu hawan jini su rufe ido."

Wal. Wani tsoho ya yi salati. Wal.

Ya juyo da bayan kyamarar, ya zagaya da ita kowa ya gani. Tawa fara fat. Ta Alhaji Barau kuwa ta fito da duhunta, ja-ja baƙi-baƙi, kamar a miƙa hannu a ɗauka.

Na ji idanun mutane a ƙeyata. Ban taɓa jin nauyin rawanina irin na wannan lokacin ba.

"To, ga shi nan," in ji Tasi'u, yana buɗe hannuwa. "Fitila ba ta san Malam ba, ba ta san Alhaji ba. Wannan," ya nuna tawa, "Allah ya rufa asiri. Wannan kuwa," ya ɗaga robar sama, "ita ce zuma. Zumar dutse. Irinta Baturena yake sha da safe. Ko a Legas sai mai hanya yake samunta. Alhaji, ka riƙe surukin nan naka da kyau."

Alhaji Barau ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. "Ɗana, ka faranta mini. Amma ni surukin nan ban gama yarda da shi ba. Tunda kai ka sha irinta a gidan Bature, ɗan taɓa mana ka tabbatar."

"Ba na buƙata, Alhaji. Fitila ta gama magana."

"Ta gama. Amma fitila ba ta da harshe. Kuma in ka tabbatar, rabin robar naka ne."

Da jin rabin roba sai Tasi'u ya cire tabarau. "A kawo cokali."

Aka shiga gida aka dawo, aka ce cokula duk suna wanki, sai ludayi. Alhaji Barau ya karɓa ya cika shi da kansa, har yana zuba. Tasi'u ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ɗaga kai, ya juye duka. Maƙwat.

Na koyar da yara da yawa, na ga fuskoki iri-iri, amma ban taɓa ganin fuska ta yi abin da ta Tasi'u ta yi ba. Ido ɗaya ya rufe, ɗaya ya buɗe. Hancinsa ya tattare ya hau goshi. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga. Kunnuwansa, wallahi, sai da suka motsa.

"Yaya?" in ji Mai unguwa.

Tasi'u ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa.

"Zuma," ya ce, da wata murya kamar ta ɗan akuya.

"Na ga kamar kana hawaye."

"Daɗi ne, ranka ya daɗe. Ta tuna mini da Legas."

"Ba ɗaci?" in ji Alhaji Barau. "Don ni na ji kamar da ɗan ɗaci-ɗaci."

"Shi ne alamar." Tasi'u ya share ido da hannun riga. "Ƙudan dutse ba sa cin fure mai zaƙi. Wanda bai sani ba sai ya ce ɗaci ne. Ba ɗaci ba ne, ƙarfi ne."

Mai unguwa ya gyara zama. "To, a wurinmu shaida ɗaya ba ta yanke magana. A ƙara masa."

Aka ƙara. Wannan karon sai da ya riƙe ginshiƙin zaure. Gumi ya keto masa, rigar aljihunan ta jiƙe. Ya haɗiye, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ɗaga babban yatsa sama.

"Kai, wannan zuma da ake yabo haka," in ji Mai unguwa, "ni ma a ba ni in taɓa." Ya miƙo hannu.

Tasi'u ya ga mutuwa tsaye. Kafin ludayin ya isa hannun Mai unguwa ya fizge shi. "Ranka ya daɗe, ta fi ƙarfin dattawa. Bari in ɗauke maka." Ya juye na uku.

Sai Alhaji Barau ya karɓe robarsa, ya leƙa ciki, ya rufe da marfi, ya mayar aljihu.

"Haka nan ya isa, ɗana. Ka bar mini saura. Mai maganin cewa ya yi in riƙa lasar kan cokali kullum da safe, kai ga shi ka shanye mini na wata guda."

"Wane mai magani?" in ji Mai unguwa.

"Na basir, ranka ya daɗe. Sassaƙen maɗaci ne da ganyen darbejiya, aka dafa da ƙaro ya yi kauri. Ba ya kisa. Wanke ciki kawai yake, amma fa ba ya jira."

Wani ya fara dariya daga taga. Kafin ka ce me, zaure ya kife. Liman ya cusa fuska a rawani, kafaɗunsa suna rawa. Matar da aka ce zinarenta jabu ne ta yi guɗa. Gwaggo Tabawa ta ratsa maza ta zo ta ɗauki kwalbata daga kan tabarma, ta buɗe, ta lakata, ta lasa, ta sa ta a cikin mayafi.

Tasi'u yana tsaye. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ga alamar wani sabon labarin Legas yana tahowa. Sai cikinsa ya riga shi. Ƙululululu. Har na waje suka ji.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, yana matse ƙafafu, "ta ina ake zagayawa?"

"Na gidan nan na iyali ne," in ji Mai unguwa. "Sai dai na tasha."

Daga zauren Mai unguwa zuwa tasha tafiya ce. Tasi'u ya fita da wani irin gudu da ba gudu ba, gwiwoyi a haɗe, hannu ɗaya a ciki. Kyamarar tana dukan ƙirjinsa, duk dukan da ta yi sai maɓallin ya dannu. Wal. Wal. Wal. Haka ya ratsa kasuwar Juma'a yana walƙiya, awaki suna tsalle, masu tumatir suna kare ido.

An yi dariya, na ji. Ni ma ba zan ce ban yi ba. Amma ni ba dariya na kai ƙara nema ba. Waɗanda suke zauren Mai unguwa sun gani. Ɗalibaina na Legas da Fatakwal ba su gani ba. Matan wurin aikin Rabi'atu ba su gani ba. Muryar da Tasi'u ya naɗa tana nan a zauren waya har yau, duk wanda ya danna zai ji an ce Malam Haladu yana sayar da sukari.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko kalma ba. Tasi'u ya zo zauren Mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a inda ya tsaya, ba tabarau. Ya faɗa da bakinsa cewa bai san yadda ake zaɓen fitila ba, cewa hasken ne ya yi yawa, cewa zumata zuma ce. Ya nemi gafarata, ya nemi ta matan da ya haɗa faɗa da mazajensu. A naɗi muryar a zuba a zauren da ya zuba ta farko.

Na aika masa da wannan. Ya aiko cewa yana so ya zo, amma har yanzu bakinsa ɗaci yake, ko ruwa ya sha maɗaci yake ji, magana ba ta fita daidai.

Wannan ba uzuri ba ne. Ya zo. Zan tanadar masa ludayi guda na zumata ya wanke bakin a gaban jama'a, sannan ya faɗa musu abin da ya ji.